Gingimari Ba Ribas

Kafin a kafa turakun ƙarfen nan, tsakiyar garin dandali ne mai faɗi, titi ya kewaye shi kamar zobe a yatsa. Hanyoyi suna shigowa ta kowace kusurwa, mota ta shigo ta zaga ta fice ta inda ta ga dama. Tsakiyarsa babu wani abin kallo, ƙasa ce tsurarta, sai wata tsohuwar bishiya da masu gyaran takalmi a gindinta. Ba shi da kyau, amma yana aiki. Mu da muka tsufa a bayan sitiyari, muka sha fitowa daga ƙarƙashin motocin da suka kife muna kakkaɓe riga, muka binne sa'o'inmu ɗaya bayan ɗaya muna nan daram, ko wuni guda ba mu taɓa zama a aji ba, amma mun san abin da dandalin nan yake yi wa gari. Ba wanda ya tambaye mu.

A cikinmu akwai wanda ake ce wa Baba Zagaye. Dogo ne, busasshe, wuyansa ya sandare tun wani hatsari da ya yi yana saurayi, in zai dube ka sai ya juyo da kafaɗunsa gaba ɗaya. Yana da tsohuwar gingimari tasa ta kansa, koriya, mai bodin katako, in ta taso tun daga bayan gari ake jin tarinta. Aikinta ɗaya ne, ta ɗauko fulawa daga kamfanin niƙa ta kawo gidan burodin da ke bakin dandali. Tun mai gidan burodin yana da rai yake wannan jigila, har mutumin ya rasu, 'yarsa ta gaji tanderu da ma'aikata, ta haɗa da Baba Zagaye a cikin kayan gado. Kawu take ce masa. Tana ƙarama a kan motar nan yake ɗora ta, ta danna hon ta firgita kanta ta fashe da kuka.

Sunan kuwa daga yadda yake isowa aka samo shi. Ba ya tsayawa kai tsaye. Sai ya wuce ƙofar gidan burodin ta ɗaya hannun kamar ba nan za shi ba, ya shiga dandali, ya zaga shi kaf yana yi wa masu gyaran takalmi hon, ya dawo ya tsaya cif a bakin ƙofa, hancin mota yana kallon hanyar gida. A sauke, ya ja ya tafi. In an taru wurin mai shayi sai ya doki ƙirji ya ce shi tun da yake bai taɓa sa ribas a garin nan ba, ribas ta 'yan koyo ce da ba su san inda za su tsaya ba. Matasan direbobi su riƙe baki. Wasu har gwadawa suke su wuni ba su ja da baya ba, kafin azahar sun sare.

Abin da mutum biyu kawai suka sani, matarsa da bakanikensa, shi ne motar ba ta da ribas ɗin sam. Ta mutu tun tuni, wata rana a hanya, da ƙara kamar an tauna tsakuwa. Bakanike ya leƙa ya ce sai an sauke giyar gaba ɗaya, mota ta yi kwanaki a kan duwatsu. Baba Zagaye ya san ranar da fulawa ta kasa zuwa, a ranar wata motar za ta shiga gurbinsa, don haka ya ce a bari damina ta wuce. Damina ta wuce, wata ta zo. Kafin a ankara ya shirya rayuwarsa duka kamar da'ira. Kamfanin niƙa yana da ƙofar shiga da ta fita. Gidan mai ma haka. A gida a wani kangon fili yake ajiye ta, ya shiga ta gabas ya fita ta yamma. A tsakiyar gari kuwa dandali ne yake juyo masa da kan mota. Madubin hagu ya fashe, bai sake shi ba. Me zai kalla a baya?

Sai aka wayi gari hukuma ta ce za a gyara dandali, ya zama wurin shaƙatawa, kada mota ta ƙara shiga. 'Yan kwangila suka zo da hulunan kwano da manyan injuna. Suka sare bishiyar, suka kori masu gyaran takalmi, suka tone titi suka sake zuba shi. Duk tsawon aikin sun bar 'yar hanya ta gefe ana zagayawa, shi ya sa Baba Zagaye bai ɗaga hankalinsa ba. Yakan leƙo ta taga ya ce musu su yi su gama wasan ƙasarsu su ba manya wuri. A ransa ya riga ya yanke cewa babu mahaukacin da zai toshe cibiyar gari.

Aka toshe. Aka shimfiɗa fararen duwatsu masu kashe ido da rana, aka jera kujerun siminti da ba mai iya ɗora ɗuwawu a kansu bayan hantsi, aka dasa itatuwa tsawon sandar makiyayi, aka yi famfo mai feshin ruwa wanda ya yi feshinsa ranar da manya suka zo yanke kyalle. A bakin kowace hanya aka kafa turakun ƙarfe masu kauri, an shafa musu fenti ja da fari.

Motocin da ke bi ta dandali ba sama suka tashi ba. Duk aka karkatar da su cikin layin maɗinka, lungun da a da in keke biyu suka haɗu sai ɗaya ya rage gudu. Nan bas da tanka da motar asibiti da babura suka dunƙule, madubi yana gogar madubi. Maɗinka suka rufe ƙofofi suna ɗinki a cikin duhu saboda hayaƙi yana ɓata musu fararen yadi. Tsofaffi suka daina tsallakawa gaida 'yan uwansu na ɗaya gefen. Jiniyar motar asibiti takan yi ta kuka a wuri ɗaya har mutane su daina jin ta. Can gefe kuwa ga dandali fayau, babu kowa sai tattabaru.

Gidan burodi ya faɗa a mummunan wuri. Kwanar da aka karkatar da motoci tana gab da shi, sai ya zama yana cikin wani guntun titi da ya mutu a jikin turaku. Guntun bai kai tsawon gingimari ba. In ta shiga, gindinta zai rage a kan kwana, inda duk garin ke bi. Fita kuma sai da baya.

Baba Zagaye ya fara da dabara. Ya riƙa tsayawa tun kafin kwanar, a gefen titi, 'yan dako su ɗauki buhuna a ka su ratsa tsakanin motoci. In an gama ya bi layin maɗinka ya kewaye gari kaf kafin ya ga ƙofar gidansa, rana ta yi gora. Abin bai je ko'ina ba. Tsayuwarsa tana cinye rabin titi, ɗan sandan da aka ajiye yana ba da hannu a kwanar, wani ƙato mai jan ido, ya gargaɗe shi har ya gaji. Rannan babur ya kwashe ƙafar wani ɗan dako, buhu ya fashe, titi ya yi fari fat, mutumin ya tashi yana ɗingishi yana zagin duk wanda ya haifi mai babur. Sauran suka ajiye gammo suka ce su ba za su mutu a kan fulawar wani ba.

Mai gidan burodi ta fito da kanta, hannunta duk kwaɓi, ta tsaya a gindin ƙofar mota ta ɗaga kai.

"Kawu, ka shigo bakin ƙofa mana kamar da. In an sauke sai ka ja da baya. Na yi magana da ɗan sandan, ya ce zai tsayar maka da motoci."

Ya ce wannan ai wasan yara ne, dama tausayin jama'a ne ya hana shi tun farko. Ta yi murmushi ta ce ta san da haka, ta kuma ƙara da cewa masu ƙananan motoci suna ta yi mata zarya, tana ce musu gidan nan yana da direba. Ba barazana ta yi masa ba. Shi ya sa maganar ta fi zafi.

Daga nan gareji ya nufa. Bakanike sa'ansa ne, gajere mai tumbi, baƙin mai ya zauna masa a farce har abada. Yana ganin koriyar mota ta shigo ta ƙofar gaba ya kwashe da dariya, ya ce dama yana jiran ranar nan, ranar da gari zai kama tsohon maƙaryaci. Baba Zagaye ya ce ya rufe masa baki ya ɗauko kayan aiki. Bakanike ya ce kayan aikin me? Irin giyar nan an daina ƙera ta tun suna da haƙoran gaba. Wadda ta rage a kasuwar tsofaffin ƙarafa an narkar da ita, wataƙila da ita aka yi turakun da suka tare shi. Lokacin da ya ce a gyara, ai damina ake jira.

Baba Zagaye ya zauna a kan tsohuwar taya. Can sai fuskarsa ta washe. Ya tuna titin gidan burodi gangare ne. Ruwan sama daga dandali yake tahowa ya wuce ta ƙofarsu. Shekara da shekaru in ya tsaya hancin mota yana kallon gida, sai ya ja birkin hannu da ƙarfi, don motar tana son ta sulale gaba. To yanzu da zai shiga yana fuskantar dandali, ina za ta sulale? Baya. A sauke kaya, ya cire giya ya bar ta a firi, ya saki birki, ta gangara da kanta kamar mai ribas, injin yana ruri don kada kowa ya gane. Tana hawa kwana ya sa giya ɗaya ya bi layin maɗinka.

Bakanike ya sosa ƙeya ya ce dabarar ba laifi, amma mutanen nan sun tone titin sun sake zuba shi, ya je da ƙafa ya zuba ruwa a buta ya ga inda zai bi.

"Ni za ka koya wa titin nan? Gwiwata ta san shi tun ba ka san hannun da ake kwance noti ba. In tsaya a gaban jama'a ina tsiyaya ruwa a kwalta kamar mai taɓin hankali?"

Bakanike ya ce to, Allah ya ba da sa'a, shi dai in an ji ƙara kada a ambaci sunan garejinsa.

Matarsa ta fi bakanike taurin kai. Tana ninke wanki ta saurari dabarar har ƙarshe, sannan ta ce yarinyar nan a hannunsa ta girma, ya je ya faɗa mata gaskiya su nemi mafita tare. Ya ce ya faɗa mata me, cewa duk shekarun nan da gurguwar mota yake ɗaukar abincin gidansu?

"Ai ka ɗauka ɗin, Malam, kuma bai zube ba. Wannan abin faɗa ne, ba abin ɓoyewa ba."

Ya ce mata ba su san sha'anin mota ba. Ta ce haka ne, sha'anin mai motar kawai suka sani. Ta ɗauki kwandonta ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ya iso da lodi har sama. Ya yi wa ɗan sanda hon, ya karya kan mota ya shiga guntun titin, ya tsaya taku kaɗan tsakaninsa da turaku. Da ya taka birki ya ji motar ta ɗan rinjaya gaba, amma ya ce a ransa nauyin fulawa ne. Gindin mota ya tokare rabin kwana, motoci suka koma bin hannu ɗaya, hon ya fara tashi. 'Yan dako suka yi ta sauri. Shi kuwa ya sauko ya jingina da taya yana sakace, yana gaya wa wani mai sayar da jarida yadda ya taɓa sauko da tanka daga kan dutse babu birki.

Aka kwashe buhun ƙarshe. Ɗan sanda ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu biyu, ya tsayar da na dama ya tsayar da na hagu, ya kori babura, ya buɗe fili wanda ko jirgi zai juya a ciki. Layin maɗinka ya tsaya cak tun daga farkonsa har ƙarshe. Fasinjoji suka leƙo ta tagogin bas. Ma'aikatan burodi suka fito ƙofa, wasu matasan direbobi suka sauko daga motocinsu, don yau za su ga abin da ba a taɓa gani ba, Baba Zagaye zai sa ribas. Ɗan sanda ya yafito shi.

Ya hau, ya tada inji, ya jijjiga sandar giya don a ga kamar yana neman wani abu, ya bar ta a firi. Ya taka totur motar ta yi ruri. Ya saki birki.

Da farko ba ta motsa ba. Sai ta fara tafiya a hankali, a hankali, kamar tsohuwar da ta hango tabarma. Gaba ta yi. Kafin ƙafarsa ta yarda da abin da idonsa ke gani, bamba ya daki turaku, ƙarar ta ratsa dandali, tattabaru suka tashi.

'Yan kwangila sun ɗaga bakin titin daga wajen kwana, sun mayar da gangaren cikin dandali, inda suka yi wa ruwa sabuwar magudana.

Aka yi dariya, amma ta ƙauna ce tukuna. Wani ya ce Baba ya manta inda ribas take, a nuna masa. Ɗan sanda ya sake yafitowa. Baba Zagaye ya sake jijjiga sanda, ya sake taka totur, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gidan burodi, mota tana nan manne da turaku. Hon ya ɓarke daga ko'ina, na kusa da na nesa waɗanda ba su ma san abin da ya tsayar da su ba. Dariya ta koma zagi. Ɗan sanda ya zo ya doki ƙofa da tafin hannu ya ce tsoho ya daina raina wa mutane hankali ya ja motarsa baya. Baba Zagaye ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon fararen duwatsu ta gilashi. Ga fili nan a gabansa, fili ɗin da ya zaga fiye da yadda zai iya tunawa, babu kowa a ciki, kuma ƙarfe huɗu sun hana shi.

Mai gidan burodi ta ba ɗan sanda haƙuri, ta taka matakalar mota ta kawo fuskarta daidai taga. Ta tambaye shi a hankali ko jikinsa ne, ko jiri yake ji, a kira wani ya fitar masa da ita. Da ma ya ce jiri ne. Amma in wani ya hau, hannu ɗaya zai sa wa sandar ya gane komai.

"Ba ta da ribas, 'yata."

"Yanzu ta lalace?"

"Tun babanki yana da rai."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sauka. Ɗan sanda dai ya ji, kuma shi ba mai riƙe magana ba ne. Ya juya ya sanar da titi gaba ɗaya cewa motar ba ta da ribas, duk mai son ya isa gida yau ya zo a tura. Maganar ta bi layin maɗinka daga taga zuwa taga. Matasan direbobin da suka sha wahalar kwaikwayonsa su suka fi kowa dariya, ɗaya har da zama a ƙasa.

Aka taru. Ma'aikatan burodi, 'yan dako, fasinjoji, har da wani mai kwat da jaka a rataye. Suka dafa hancin gingimari da ƙofofinta suka yi ta nishi, ta ɗaga daga jikin turaku ta fara hawa baya. Saura shi ya sarrafa sitiyari kawai.

A nan ne abin da bai taɓa kawowa a ransa ba ya same shi. Ya nemi madubin hagu, babu. Ya so ya waiga, wuya ya ƙi. Ya dubi na dama ya ga gindin mota yana karkata, hannunsa ya murza sitiyari, gindin ya ƙara karkata ta inda ba ya so. Ana ta yi masa ihu, wannan ya ce dama, wancan ya ce hagu, kuma bai san daman wa suke nufi ba. Hannun da ya fi kowane hannu a garin nan sanin gaba ya zama na ɗan koyo. Ya murza da ƙarfi, masu turi suka ƙara ƙaimi don sun ga ta kusa fita, tayoyin baya na hagu suka hau bakin sabuwar kwata suka rufta ciki. Motar ta kwanta a gicciye, ta rufe kwanar ruf.

Garin bai motsa ba sai bayan la'asar. Motar janwe ta taso, ita ma ta maƙale a cikin cunkoson da aka kira ta ta warware. Mutane suka bar bas suka tafi da ƙafa, kuma a ranar ne kawai dandali ya cika, don ta cikinsa suka yanke. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya kalli koriyar mota da tsohon da ke zaune a bakin kwata. Da aka fitar da ita, masu duba lafiyar motoci suna nan suna jira. Suka zagaya ta, suka hau suka sauko, suka kwance lambarta suka tafi da ita, suka ce wannan motar ta gama hawa titi. Ba wanda ya kwance lambar wanda ya cusa motocin gari guda a cikin lungun maɗinka.

Duk da haka mai gidan burodi 'yar halak ce. Bayan 'yan kwanaki ta zo har gida, ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta ta da zancen ba ko da wasa. Ta ce ta sayi akori-kura ƙarama wadda za ta shiga guntun titin ta fita ba tare da ta tare kowa ba, sai dai a yi sawu da yawa. Tana so Kawu ya riƙe ta. Ta ajiye makulli a kan tabarma ta ce ba gaggawa, ya yi shawara. Matarsa ta raka ta har waje tana sa mata albarka. Da ta dawo ta tarar yana juya makullin a tafin hannu, rabon da ta ga idonsa da haske haka tun kafin a kafa turaku.

Bai je ya ɗauki motar ba tukuna. Gareji ya tafi, ya jira tsakar rana da ma'aikata suka fita cin abinci, ya ce wa bakanike ya ara masa tsohuwar ƙaramar motarsa ya kuma rufe ƙofar gareji. Bakanike ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa ya fasa. Ya jera gangunan mai guda biyu, ya bar tsakaninsu faɗin guntun titi, har ya ƙara masa kaɗan.

Baba Zagaye ya shiga tsakaninsu da gaba, sumul. Ya sa ribas, ta shiga da wani ɗan sauti mai daɗi da ya manta da shi. Ya saki kuloci. Ganga ta dama ta faɗi. Aka tayar, ya sake, ta hagu ta faɗi. Bakanike ya ce ya daina neman waiwaye, ya yarda da madubi. Ya kalli madubi, komai a ciki ƙanana ne kuma a juye, idonsa yana ruwa. Ya sake, ya sake. Sau ɗaya ya fita lafiya, bai kuma san yadda aka yi ba, na bayansa ya take tiren kayan aiki, notuna suka watse. Gumi ya jiƙa masa riga. A na ƙarshe ƙafarsa ta zame, motar ta yi tsalle da baya ta daki bango, inda bakanike yake tsaye kafin ya matsa ɗauko ganga.

Bakanike ya duba fitilar da ta fashe ya ce ba komai, dama a fashe take. Ya ce in an yi mako ana gwadawa hannu zai dawo. Baba Zagaye ya fito yana riƙe da ƙofa. A ƙofar gidan burodi ba ganga ce ke tsayawa ba, 'yan dako ne da masu sayen burodi da 'ya'yansu, kuma rabin garin zai zo kallon fitarsa ta farko.

Da yamma ya ba matarsa makulli ya ce ta mayar. Ta tambaye shi me za ta ce. Ya ce ta ce ya gode, kuma in ta ƙara kalma ɗaya a kan haka bai yafe ba. Shi kuwa ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin mai shayi, ya zauna a tsakiyar direbobi, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen benci zai ji. Ya ce wai shi za a miƙa wa makullin kwanon sha, shi da ya ja tanka ya ja tirela? Ya ce yaran yanzu in sun gaji tanderu sai su ɗauka sun gaji mutane. Uban yarinyar ma bai isa ya sa shi tuƙa abin wasan yara ba, balle ita. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai cikin kofi.

Kafin gari ya waye maganar ta isa gidan burodi, da ƙarin gishirin masu kai ta. A makon mai gidan burodi ta ɗauki wani direba. Gingimari ta tafi wurin masu saran ƙarfe, injinta wani mai niƙa ya saya. Famfon dandali bai sake feshi ba, layin maɗinka kuwa yana nan yadda yake, sai dai maɗinkan sun fara tashi.

Bayan watanni matarsa ta haɗu da mai gidan burodi a layin karɓar magani. Yarinyar ta tashi ta ba ta wurin zamanta, ta gaishe ta da ladabi, ta tambayi ciwon ƙafa, ta tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar tana ta jira, maganar tana bakinta, in dai an ambace shi za ta karya umarninsa ta faɗi komai. Aka kira mai gidan burodi ta karɓi maganinta, ta dawo ta yi mata sallama, ta ce a gaida mutanen gida.